BAYANI: Kabari kyauta, tuta da 'yan daloli: abin da Amurka ke yi wa tsohon soja idan ya rasu

A Amurka, jana'izar mutum guda tana cin kimanin dala 8,300. Wannan shi ne matsakaicin farashin da ƙungiyar masu kamfanonin jana'iza ta ƙasar ta fitar a 2023, kuma bai haɗa da kuɗin filin kabari ko na dutsen da ake kafawa a kansa ba. Idan mamacin tsohon soja ne, kuma ajalinsa bai da alaƙa da aikin soja, abin da gwamnati ta riƙa bai wa iyalinsa domin hidimar jana'iza dala 978 ne, bisa adadin da ya yi aiki na shekara guda daga ranar 1 ga Oktoban 2024. Ko wannan ɗin ma ba kowane iyali ke samu ba.

Amma gwamnatin da ke ba da wannan ɗan abin ita ce kuma ke bai wa tsohon soja kabari kyauta, ta haƙa, ta rufe, ta kafa dutse mai ɗauke da sunansa, ta ɗauki nauyin kula da wurin har abada, ta kuma tanadi gurbi ga matarsa. A maƙabartun 'yan mazan jiya, dutsen kurtu da na janar girmansu ɗaya.

Batun ya shafi gidaje da dama a wannan yanki namu. Alƙaluman hukumar shige da fice da ba da shaidar zama ɗan ƙasa ta Amurka sun nuna cewa daga 2020 zuwa 2024, Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan haifaffun da suka zama 'yan Amurka ta hanyar aikin soja, tare da Filifin da Jamaika da Meziko. Wata rana waɗannan sojoji za su tuɓe kaki, wata rana kuma iyalansu za su buƙaci sanin abin da doka ta tanadar musu. Ga yadda tsarin yake, da inda ya faro, da wuraren da yake yin tuntuɓe.

Daga ina alƙawarin ya samo asali?

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya ci rayukan sojoji aƙalla 620,000. A farkon yaƙin babu wani tsari na binne waɗanda suka faɗi a fagen fama. Duk inda mutum ya faɗi, a nan ake tona rami a turbuɗe shi, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Ranar 17 ga Yulin 1862 majalisar dokoki ta bai wa Shugaba Abraham Lincoln ikon sayen filaye domin binne sojojin da suka mutu a hidimar ƙasa, kuma a shekarar aka kafa maƙabartun ƙasa 14.

Bayan yaƙi ya lafa, gwamnati ta shafe shekaru tana bin gonaki da dazuzzuka da bakin koguna tana tono gawarwakin sojojinta. An sake binne kusan 300,000, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari ba a iya gano sunayensu ba. A 1873 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da waɗanda suka tsira daga yaƙin aka sallame su cikin mutunci, suka mutu daga baya a gidajensu. Daga nan ne kabarin gwamnati ya zama haƙƙin tsohon soja. A 1879 aka ƙara da cewa ko da a maƙabartar ƙauyensu aka binne shi, gwamnati za ta aika masa dutse.

Shekara ɗari bayan dokar 1873, wato a 1973, aka karɓe maƙabartu 82 daga hannun rundunar sojin ƙasa aka miƙa su ga hukumar kula da tsofaffin sojoji, wadda ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1989, ake kuma kiran ta VA a taƙaice. A yau tana riƙe da maƙabartu fiye da 150, inda miliyoyin mutane ke kwance. Tun 1978 take kuma bai wa jihohi tallafi su gina nasu. Burin da ta sa wa kanta shi ne kashi 95 cikin ɗari na tsofaffin sojoji su sami maƙabarta a tazarar da ba ta wuce mil 75 daga gida ba, kimanin kilomita 120 ke nan.

Wane ne ya cancanta?

Sharaɗi na farko shi ne irin sallamar da aka yi wa mutum. Sojan Amurka yana barin aiki ne da ɗayan shaidu biyar: sallamar girmamawa, sallama ta gama-gari, sallamar da ta gaza matsayin girmamawa, sallama saboda mugun hali, ko korar ƙasƙanci. Masu biyun farko sun cancanta kai tsaye. Mai ta ƙarshe ya fita. Na tsakiya kuwa sai ma'aikata ta buɗe fayil ɗinsu ta duba dalilin sallamar kafin ta yanke hukunci.

Sharaɗi na biyu tsawon aiki ne. Ƙananan sojojin da suka shiga aiki bayan 7 ga Satumban 1980, da hafsoshin da suka shiga bayan 16 ga Oktoban 1981, sai sun cika wata 24 a jere, ko kuma iya wa'adin da aka kira su su yi. Akwai sassauci ga wanda rauni ko rashin lafiyar da aikin ya jawo ya sa aka sallame shi da wuri. Ba a buƙatar mutum ya je yaƙi, ba a kuma buƙatar ya kasance ɗan ƙasa.

Haƙƙin ya haɗa da mata ko miji, da 'ya'yan da ba su kai munzalin dogaro da kai ba. Idan matar ta riga mijinta rasuwa, ana iya binne ta tun yana raye, a ajiye masa wurinsa. Idan shi ya riga ta, ta sake aure daga baya, gurbinta yana nan.

Akwai kuma waɗanda doka ta toshe wa ƙofa ko da takardunsu na da kyau. Timothy McVeigh, wanda ya tayar da bam a birnin Oklahoma a 1995 ya kashe mutum 168, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Tekun Fasha ya kuma sami lambar yabo. Ganin cewa a dokar wancan lokaci yana da haƙƙin kwanciya a maƙabartar ƙasa, majalisa ta yi doka a 1997 ta haramta hakan ga masu manyan laifuka irin nasa. A 2013 aka ba da ikon tono gawar wanda aka gano daga baya cewa bai kamata a binne shi a wurin ba.

Abubuwan da ake bayarwa kyauta

A maƙabartar ƙasa, iyali ba sa biyan kuɗin fili, ko na haƙa da rufewa, ko na rufin da ake sa wa akwatin gawa a cikin rami domin kada ƙasa ta lotsa, ko na dutse da rubutunsa, ko na kula da kabarin. Dutsen da aka fi sani fari ne, tsayinsa inci 42, faɗinsa inci 13, kaurinsa inci 4. Ana rubuta suna da muƙami da rundunar da mutum ya yi wa aiki da shekarun haihuwa da rasuwa, a saman kuma alamar addininsa idan iyali sun so. Alamomin da aka amince da su suna da yawa, daga gicciye iri-iri zuwa tauraron Yahudawa da jinjirin wata da tauraro na Musulmi.

Mafi yawan tsofaffin sojoji ba a maƙabartun ƙasa ake binne su ba. Iyalai sun fi zaɓar maƙabartar gari ko ta coci ko ta masallaci. Su ma ana aika musu dutse kyauta, sai dai kuɗin kafa shi yana kansu. Idan sun riga sun sayi nasu dutsen, ana ba su tambarin tagulla su manna.

Sai tuta. Kowane tsohon soja yana da tutar Amurka guda ɗaya da ake lulluɓe akwatinsa da ita, a naɗe ta a miƙa wa makusancinsa. Ana karɓar ta a ofisoshin ma'aikatar ko a gidan waya. Akwai kuma takardar tunawa mai ɗauke da sa hannun shugaban ƙasa, al'adar da John Kennedy ya faro a 1962.

Na ƙarshe shi ne ban-girman soja. Tun 1 ga Janairun 2000 doka ta wajabta wa ma'aikatar tsaro, idan iyali suka nema, ta turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki, ɗayansu daga rundunar da mamacin ya yi wa aiki. Za su naɗe tuta su miƙa, a kuma busa taken bankwana da ake kira Taps. Da masu busa bigila suka yi ƙaranci a daidai lokacin da 'yan mazan jiya na Yaƙin Duniya na Biyu ke rasuwa da yawa kullum, sai a 2003 ma'aikatar tsaro ta amince da wata bigila mai na'ura a cikinta: soja ya kai ta baki, na'urar ta fitar da sautin. Harba bindiga sama kuwa ba ya cikin abin da doka ta wajabta. Sau da yawa ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne ke zuwa su yi shi don sa kai.

Kuɗin fa, nawa ne?

Gwamnati ba ta sayen akwatin gawa, ba ta biyan kamfanin jana'iza, ba ta ɗaukar nauyin wanka ko ajiyar gawa ko ƙona ta. Abin da take yi shi ne mayar da wani kaso na abin da aka kashe, kuma adadin ya dogara da dalilin mutuwa.

Idan rauni ko cutar da aikin soja ya jawo ce ta yi ajalin mutum, ana biyan har dala 2,000. An tsayar da wannan adadi ne a 2001, ga waɗanda suka rasu daga 11 ga Satumban shekarar, kuma ya shafe fiye da shekara 20 bai motsa ba, alhali farashin jana'iza bai daina hawa ba.

Idan mutuwar ba ta da alaƙa da aikin, a shekarar da ta fara daga Oktoban 2024 an riƙa biyan dala 978 na jana'iza, da wata dala 978 ta fili idan ba a maƙabartar ƙasa aka binne shi ba. Ana sabunta wannan adadi kowace Oktoba gwargwadon tsadar rayuwa. Kafin 5 ga Janairun 2023, tsohon sojan da ya rasu a wajen asibitin ma'aikatar dala 300 kacal ake bai wa iyalinsa na jana'iza, adadin da ya zauna daram tun 1978.

A nan ne iyalai da yawa ke shan mamaki, domin cancantar samun kabari daban take da cancantar samun kuɗi. Tun 1981, lokacin da gwamnatin Ronald Reagan ta tsuke bakin aljihu, aka taƙaita kuɗin ga wasu rukunoni: wanda yake karɓar fansho ko diyyar rauni daga ma'aikatar a lokacin rasuwarsa, wanda buƙatarsa ke kan tebur kuma aka tabbatar zai samu, wanda ya rasu a asibitin ma'aikatar ko wurin jinyar da take biya, da wanda babu mai karɓar gawarsa. Tsohon sojan da ya gama aiki lafiya ƙalau, ya koma sana'arsa, bai taɓa neman komai daga ma'aikatar ba, ya rasu a gida yana da shekara 80, zai sami kabari da dutse da tuta, amma iyalinsa na iya tashi babu ko sisi.

Akwai kuma wa'adi. Mutuwar da ba ta da alaƙa da aiki, shekara 2 ake da ita daga ranar binnewa a shigar da buƙata. Mai alaƙa da aiki ba ta da wa'adi. Tun 2014, matar da sunanta ke cikin fayil ɗin mijinta ana tura mata kuɗin da zarar an sanar da rasuwar, ba sai ta cika fom ba. Sauran dangi sai sun cika fom mai lamba 21P-530EZ, su haɗa da takardar shaidar mutuwa da ta sallama daga aiki. Wanda aka hana yana iya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sauraron ƙorafin tsofaffin sojoji, daga nan zuwa kotu ta musamman da aka kafa a 1988.

Wanda ya mutu a bakin aiki

Bai kamata a haɗa wannan da abin da ake yi wa sojan da ya mutu yana cikin kaki ba. Shi ma'aikatar tsaro ce ke ɗaukar nauyin gawarsa, tun daga shirya ta har kai ta inda iyali suka zaɓa. Ana bai wa magadansa dala 100,000 cikin 'yan kwanaki, ga inshorar rai da ke kaiwa dala 500,000 tun Maris na 2023. Matarsa tana samun wani kuɗi duk wata, wanda ya haura dala 1,600 a 2024. Wannan kuɗi na wata-wata yana kaiwa ga matar tsohon soja ma, idan aka tabbatar aikin ne silar mutuwarsa, ko da shekaru sun shuɗe bayan sallama. Shi ya sa abin da likita ya rubuta a takardar shaidar mutuwa yake da nauyi ƙwarai.

Ko wannan tsari ya taɓa tsayawa cik. A Oktoban 2013, da rikicin kasafin kuɗi ya sa aka rufe ma'aikatun gwamnati, an dakatar da biyan dala 100,000 ɗin, a daidai lokacin da ake dawo da gawarwakin sojoji daga Afghanistan. Wata gidauniya mai zaman kanta, Fisher House, ta amince ta biya iyalan kafin gwamnati ta farfaɗo. Da surutu ya yi yawa, majalisa ta yi dokar gaggawa aka ci gaba da biya.

Arlington daban take

Maƙabartar da duniya ta fi gani a talabijin ita ce Arlington, a jihar Virginia, tsallaken kogi daga birnin Washington. Ba ta ƙarƙashin VA; rundunar sojin ƙasa ce ke riƙe da ita. Filin asalinsa na iyalin matar Janar Robert Lee ne, kwamandan 'yan tawayen Kudu, kuma sojan farko da aka binne a wurin shi ne William Christman, ranar 13 ga Mayun 1864. A yau mutane kimanin 400,000 ke kwance a cikinta, ana kuma yin jana'iza kusan 30 a kowace ranar aiki.

Saboda fili yana ƙarewa, sharuɗɗanta sun fi tsauri. Binnewa cikin ƙasa ta waɗanda suka mutu a bakin aiki ce, da waɗanda suka yi ritaya da fanshon soja, da masu manyan lambobin jarumta ko lambar rauni a yaƙi, da tsofaffin fursunonin yaƙi. Sauran sai dai a ƙona gawa a ajiye tokar a gurbin bango. A nan muƙami yana tasiri wajen yawan ban-girman da ake yi, kuma jiran layi kan ɗauki makonni ko watanni.

Musulmi, da masu son a kai su gida

Akwai kaburburan Musulmi a Arlington. Kyaftin Humayun Khan, wanda ya mutu a Iraƙi a 2004, yana can. Haka Kofur Kareem Rashad Sultan Khan, wanda ya mutu a Iraƙi a 2007 yana ɗan shekara 20. Hoton mahaifiyarsa rungume da dutsen kabarinsa mai jinjirin wata shi ne Janar Colin Powell ya kafa hujja da shi a 2008 lokacin da yake sukar masu ƙyamar Musulmi a siyasar ƙasar.

Sai dai tsarin maƙabartun gwamnati ba a gina shi bisa gaggawar da Musulmi suka saba da ita ba. Galibi daga Litinin zuwa Juma'a ake binnewa, kuma sai an tantance takardu an ba da rana. Iyali ba sa zaɓar gurbi, kaburbura suna bin sahun da aka riga aka shata, taron bankwana kuma a wata rumfa ake yin sa na ɗan gajeren lokaci, ma'aikata su kai gawar kabari daga baya. Wanka da likkafani da salla duk suna wuyan iyali da jama'ar masallaci. A ƙarshen 2024 ma'aikatar ta buɗe sassan gwaji a maƙabartu uku, a jihohin Arizona da Colorado da Florida, inda ake iya binne gawa cikin likkafani ko akwatin da ƙasa ke iya ci.

Iyalin da suka zaɓi maƙabartar Musulmi ba su yi asarar sauran haƙƙoƙin ba: tuta da takardar shugaban ƙasa da ban-girman soja suna nan, dutse ma idan suna so. Ga wanda aka binne a wata ƙasa, ma'aikatar tana aika dutse zuwa kowace maƙabarta a duniya, ana kuma iya neman tuta ta ofishin jakadancin Amurka. Kuɗin jigilar gawa kuwa a yanayi ƙayyadaddu ake mayarwa, kamar idan za a kai ta maƙabartar ƙasa ko mamacin ya rasu a hannun asibitin ma'aikatar. Mai niyyar a mayar da gawarsa Kano ko Kumasi gara ya yi tanadin kuɗin tun yana raye.

Takarda ɗaya da komai ya rataya a kanta

Duk abin da aka lissafa a sama yana farawa ne da takardar sallama, wadda tun 1950 ake kira DD-214. Ita ce ke nuna ranar shiga da ranar fita da irin sallamar. Idan tana hannu, ana iya tabbatar da cancanta cikin sauri. Idan babu, sai an nemo ta daga rumbun ajiyar bayanan sojoji, gawa kuwa tana jira, kuɗin ajiya yana hawa.

Rumbun ma ba kowa zai samu a ciki ba. Ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar da ke kusa da birnin St. Louis na jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na bayanan sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960 sun ƙone, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Har yau ma'aikatan cibiyar suna harhaɗa tarihin mutane daga takardun albashi da na asibiti da gutsattsarin da wuta ta bari.

Domin rage wannan wahala, a 2016 ma'aikatar ta buɗe hanyar da tsohon soja zai nemi a tantance shi tun yana da rai. Zai cika fom mai lamba 40-10007, a ba shi wasiƙar cancanta ya ajiye. Wasiƙar ba ta kama masa wani kabari na musamman, amma tana sauƙaƙa wa iyalinsa a ranar da hankalinsu ya fi tashi.

Waɗanda aka bari a baya

Daidaiton da ake gani a sahun fararen duwatsu bai zo da sauƙi ba. Har zuwa 1948, lokacin da Shugaba Harry Truman ya soke wariyar launin fata a rundunonin soja, baƙaƙen fata a sassa na daban ake binne su a Arlington. A 1949 aka dawo da gawar Felix Longoria, ɗan asalin Meziko da ya mutu a fagen yaƙi a Filifin, matarsa ta ce kamfanin jana'iza na garin Three Rivers a Texas ya hana ta ɗakin zaman makoki saboda asalinsu. Sanata Lyndon Johnson ne ya shiga tsakani aka binne shi a Arlington. A 1951 wata maƙabarta a Sioux City ta dakatar da binne Saje John Rice, wanda ya mutu a yaƙin Koriya, da ta gano cewa shi ɗan ƙabilun asali na Amurka ne. Shi ma sai da Truman ya sa baki.

'Yan Filifin fiye da 200,000 sun yi yaƙi ƙarƙashin tutar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, amma a 1946 majalisa ta yi dokar da ta soke mafi yawan haƙƙoƙin da aka yi musu alƙawari. Sai a 2000 aka buɗe maƙabartun ƙasa ga wasunsu da ke zaune a Amurka. 'Yan ƙabilar Hmong da hukumar leƙen asiri ta CIA ta ɗauka suka yi yaƙin ɓoye a Laos sai a 2018 suka sami wannan dama, lokacin da da yawansu sun riga sun kwanta dama.

Matsalar sallama ita ce ta yau. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati ya gano cewa cikin sojoji 91,764 da aka sallama saboda rashin ɗa'a daga 2011 zuwa 2015, kashi 62 cikin ɗari likitoci sun tabbatar suna fama da firgicin bayan yaƙi ko rauni a ƙwaƙwalwa ko makamantansu a cikin shekara 2 kafin sallamar. Wasunsu sun fita da shaidar da ke jefa haƙƙoƙinsu cikin shakku, har da na kabari.

Sai baƙin da suka yi aikin soja amma ba su kammala neman zama 'yan ƙasa ba. Shiga soja ba ya mayar da mutum ɗan Amurka kai tsaye; sai ya nema. Wanda bai nema ba, ya zo ya aikata laifi bayan sallama, ana iya tasa ƙeyarsa. Wani rahoton ofishin binciken na 2019 ya ƙirga tsofaffin sojoji 92 da aka kora daga 2013 zuwa 2018, ya kuma ce hukumar da ke korar ba ta ajiye cikakken lissafi. Korar ba ta soke haƙƙin kabari. Mutumin da aka hana shiga ƙasar da ransa, doka ta yarda a shigo da gawarsa a lulluɓe ta da tuta.

Inda aka yi sakaci da matattu

A 2009 ɗan jarida Mark Benjamin na jaridar intanet ta Salon ya fara wallafa jerin rahotanni a kan ruɗanin kaburbura a Arlington. A Yunin 2010 binciken rundunar soja ya tabbatar da matsala a kaburbura 211: wasu babu dutse, wasu dutsen wani ne a kansu, wasu taswira ta nuna da mutum alhali babu alama. An gano cewa da katunan takarda ake ajiye bayanan maƙabartar, duk da miliyoyin dalolin da aka kashe da sunan mayar da su kwamfuta. Shugaban wurin da mataimakinsa sun rasa kujerunsu, Sanata Claire McCaskill kuma ta ce kaburburan da abin ya shafa na iya kaiwa 6,600.

Akwai kuma gawarwakin da babu mai nema. Kamfanonin jana'iza a faɗin ƙasar suna da kantoci cike da tokar mutanen da danginsu ba su zo ba, cikinsu har da tsofaffin sojoji. Wata ƙungiyar sa kai da aka kafa a 2007, mai suna Missing in America Project, tana bin waɗannan kantoci tana tantance sunaye, ta kai waɗanda suka cancanta maƙabartun ƙasa. A ƙarshen 2021 sufeto-janar na ma'aikatar ya fitar da rahoto yana cewa babu wani ofishi guda da ke da cikakken alhakin wannan aiki. Abin da ya tayar da binciken shi ne gano tokar tsofaffin sojoji 28 a wani kamfanin jana'iza a jihar Oregon, wasunsu sun shekara 44 a ajiye.

Waɗannan mutum 28 suna da haƙƙin kabari da dutse da tuta tun ranar da suka rasu. Dokar tana nan a rubuce, filin yana nan, kuɗin yana cikin kasafi. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ɗauki takardarsu ya je ya tambaya. Ban da matar da sunanta ke cikin fayil, kusan komai a wannan tsari sai an nema ake bayarwa.

Saboda haka duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a rundunar sojin Amurka, akwai abubuwan da ya kamata a yi tun ana zaune lafiya. A san inda takardar DD-214 take, a kuma bai wa wani amintacce kwafinta. A tabbatar sunan mata ko miji yana cikin fayil ɗin ma'aikatar. Wanda ya fito da rauni ko cuta ya shigar da buƙatar diyya tun yanzu, domin ita ce za ta buɗe wa iyalinsa ƙofar kuɗin jana'iza. Wanda bai karɓi shaidar zama ɗan ƙasa ba ya nema kafin ya tuɓe kaki. Sannan ya faɗa wa iyalinsa, a rubuce, inda yake so a binne shi da yadda yake so a yi.